Yadda bayanan injin CPAP za su zo kwamfutarka ba tare da zare kati ba

"Assalamu alaikum. Mahaifina ne aka gano yana da matsalar ɗaukewar numfashi cikin barci lokacin da muka kai shi asibiti Alƙahira bara, aka rubuta masa injin CPAP mai hura iska ta takunkumi lokacin barci, muka dawo da ResMed AirSense 10. Likitan ya ce mu riƙa tura masa bayanan injin duk wata. Yanzu kullum da safe sai na shiga ɗakin Baba na zare memori na kai kan laftof na kwafa na mayar, har sau biyu ina mantawa ban mayar ba, kuma shi ba ya son ana yawan taɓa masa injin. Na ga a takardarsa an ce yana da wayales, har da alamar sabis a fuskarsa. Shin ba yadda za a yi bayanan su riƙa zuwa kwamfutata da kansu ta wayfai ɗin gida?" Wani mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma Allah ya saka maka da alheri kan wannan hidima. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya a haɗe: ko wayales ɗin da ke jikin injin zai iya turo maka bayani kai tsaye, in kuma ba zai iya ba, wace dabara ce za ta raba ka da zare kati kullum. Ni aikina gyara da saita na'urorin asibiti ne, injinan numfashi suna cikin abin da na fi taɓawa, kuma ni kaina da irin injin nan nake kwana, don haka abin da zan faɗa maka na hannu ne. Amma ni ba likita ba ne, ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amsa a gajarce: wayales ɗin injin ba naka ba ne, ba don kai aka saka shi ba. Akwai hanyar da za ka samu abin da kake so, ta hanyar katin memori mai wayfai a cikinsa, tana aiki amma tana da 'yan rigingimu. Sannan akwai abu na uku da ba ka tambaya ba, wanda ina ganin shi ne ma zai fi sauƙaƙa maka.

Wannan alamar sabis ɗin ta waye?

Abin da ke cikin AirSense 10 ba wayfai ba ne sam, modem ne irin na wayar salula da layinsa a ciki wanda ba ka isa ka ciro ka canza ba. Bayan an kashe injin da safe, in an bar shi a jone da wuta kuma akwai sabis, sai ya tura taƙaitaccen rahoto zuwa rumbun kamfanin. Daga can likita ko dillalin da ya yi wa injin rajista yake gani ta wani shafi nasu mai suna AirView, shi kuma mara lafiya yana ganin ɗan abin da aka tsakuro masa a manhajar myAir. Ka ga ke nan bayanin bai bi ta rautar gidanka ba ballantana ya san da zaman laftof ɗinka.

Dalilin da ya sa aka ƙera shi haka yana da alaƙa da inshorar lafiya ta Amurka. A can, tsarin Medicare ba ya ci gaba da biyan kuɗin injin sai an nuna mutum yana amfani da shi aƙalla awa 4 a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare, cikin kwana 30 a jere a watanni ukun farko. To dole a samu mai kai rahoto ba tare da an dogara da bakin mara lafiya ba, shi ne aka dasa modem. Shi ya sa ma in ka duba makin da myAir ke bayarwa, cikin 100, maki 70 duk na yawan awannin da aka yi da takunkumi a fuska ne, 20 na yadda takunkumin ya zauna ba yoyon iska, sai 5 na yawan ɗaukewar numfashi, 5 na sau nawa aka cire aka mayar. Wato mutum zai iya cin 95 alhali numfashinsa bai gyaru yadda ake so ba. Manhaja ce ta ƙarfafa gwiwa, ba ta bincike ba.

Ga kuma matsalarmu ta nan. Modem ɗin an saita shi ne da kasuwar da aka sayar da injin, kuma myAir ba kowace ƙasa yake buɗe wa rajista ba. Injinan da ke zuwa hannuna daga waje, na Amurka ne ko na Dubai ko na Indiya, da yawa za ka ga sandunan sabis ɗin babu ko ɗaya, wasu kuma akwai sanda amma ba wanda ya yi musu rajista a AirView don haka ko sun tura ba mai gani. Akwai ma waɗanda aka fitar a 2022 lokacin ƙarancin kayan lantarki a duniya, waɗanda ba modem a cikinsu gaba ɗaya, sai kati kawai. Tun da likitanku ya ce ku riƙa turo masa da kanku, alama ce shi ma ba ta AirView yake kallo ba. Ba laifi ka tambaye shi, in ya ce yana gani daga can to an rage maka rabin aiki.

Abin da ke cikin katin

Ainihin dukiyar tana cikin katin nan da kake zarewa. In ka buɗe shi a kwamfuta za ka ga wani fayil STR.edf, shi ne taƙaitawar kowane dare, sai folda SETTINGS, sai babbar folda DATALOG wadda a cikinta kowace rana da tata folda da kwanan wata a jere, shekara, wata, rana. A cikin kowace akwai fayiloli masu ƙarewa da BRP, PLD, EVE da CSL. Na BRP ɗin shi ne mai nauyi, don shi ke rubuta shigar iska da fitarta sau 25 a kowane daƙiƙa, wato kowane numfashin da Baba ya ja tun daga kwanciya har tashi yana nan a zane. EVE kuma shi ke lissafa lokutan da numfashin ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 ko fiye.

Abu mai muhimmanci: injin yana ajiye taƙaitawa ta dare 365 a cikinsa ko da kati ko babu, amma wannan cikakken bayanin sai in katin yana ciki a daren yake rubutuwa. Darare biyun da ka manta, in ka mayar da katin za ka ga awanni da jimillar lissafi sun dawo, amma zanen numfashin ya tafi ke nan. Ni ma na taɓa yin wadda ta fi taka, na bar nawa a jikin laftof na yi tafiya Legas da laftof ɗin, na dawo na ci gaba da kwana da injin kusan sati biyu ban lura ba, sai ranar da na zo dubawa na ga zane fayau.

Manhajar da za ta karanta maka duk wannan ita ce OSCAR. Kyauta ce, tana hawa Windows da Mac da Linux, masu amfani da injin ne da kansu suka haɗu suke kula da ita. Ta samo asali ne daga wata tsohuwa mai suna SleepyHead da wani ɗan Ostireliya, Mark Watkins, ya rubuta, da ya ajiye aikin a 2019 sai wasu suka ɗora daga inda ya tsaya. OSCAR ba ta da ruwa da yadda fayilolin suka iso kwamfutarka, ko ta kad rida ko ta iska, ita dai ka nuna mata foldar da ke da STR.edf da DATALOG a tsarinsu na asali. To duk maganar wayales ɗin da za mu yi, ma'anarta ɗaya ce: yadda za a samu kwafin katin a wata folda a kwamfutarka ba tare da katin ya bar injin ba.

Katin da ke da wayfai a cikinsa

Tun asali don masu ɗaukar hoto aka yi waɗannan katunan, su ɗauka da kyamara hoton ya faɗo waya. Girmansu ɗaya da katin SD na yau da kullum, sai dai an cusa ɗan ƙaramin rediyon wayfai a ciki, yana shan wuta daga ramin da aka soka shi. Masu CPAP suka ga ai wannan ya yi musu.

Wanda ya fi suna shi ne FlashAir na Toshiba, musamman W-03 da W-04. Abin da ya sa ake son sa, ana iya sa shi ya shiga wayfai ɗin gidanka kamar yadda waya ke shiga. A cikinsa akwai ɓoyayyar folda SD_WLAN, a ciki akwai fayil CONFIG da ake buɗewa da Notepad. Sai ka canza layin APPMODE ya koma 5, a APPSSID ka rubuta sunan wayfai ɗinka, a APPNETWORKKEY ka rubuta lambar sirrinsa, ka adana, ka mayar da katin cikin injin. In komai ya tafi daidai, za ka shiga shafin rautarka ka ga wani sabon baƙo ya bayyana a jerin masu amfani, ka ɗauki lambar adireshinsa ka rubuta a burauza, sai ga DATALOG a gabanka kana zaune a falo. Akwai wata ƙaramar manhaja FlashPAP da aka rubuta musamman don ta riƙa jawo sababbin fayiloli daga wannan katin zuwa foldar da ka zaɓa. Matsalar ɗaya ce, an daina ƙera FlashAir, sai dai na hannu ko ragowar kaya, kuma masu sayarwa sun san ana nema don haka kuɗinsa ya wuce hankali.

Wanda ake samu yanzu a shagunan intanet na Sin shi ne ez Share. Yana zuwa iri biyu, wani da memorinsa a ciki, wani kuma gida ne kawai da kake soka ƙaramin memori irin na waya. Shi salon aikinsa daban: ba ya shiga wayfai ɗinka, nasa yake buɗewa. Za ka duba jerin wayfai a laftof ka ga "ez Share", lambar sirrinsa ta farko takwas ce guda takwas, 88888888, in ka shiga sai ka rubuta ezshare.card a burauza fayilolin su fito. Ka lura da abin da wannan ke nufi: duk lokacin da za ka kwafa sai laftof ɗinka ya sauka daga intanet ɗin gida ya hau na katin, ya gama ya koma. Kuma ta burauza ɗaya bayan ɗaya za ka riƙa sauke fayil kana kuma gina foldojin da hannu yadda suke a katin, wanda in dare ɗaya Baba ya tashi sau uku za ka iya samun fayil goma sha wani abu. Wallahi in haka za ka yi kullum, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Abin da ke sa ez Share ya zama mai amfani shi ne 'yan shirye-shiryen da masu amfani suka rubuta suka saka kyauta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, in ka nemi ezshare tare da resmed ko cpap za ka gansu. Aikinsu su hau wayfai ɗin katin, su duba me ya ƙaru tun jiya, su sauke shi a tsarin da OSCAR ke so, su mayar da kai intanet ɗinka. Dabarar da nake yi wa mutane ita ce in ƙara wa kwamfutar ɗan ƙaramin wayfai na USB, irin mai kamar kan farcen nan, sai a bar shi a maƙale da katin dindindin, na cikin laftof kuma ya ci gaba da intanet. Masu son wasa da kaya har 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi suke ajiyewa kusa da gado ya riƙa yin aikin da kansa kowace hantsi. Yana da daɗi in ya zauna, amma gaskiya sai wanda hannunsa ya ɗan faɗa da kwamfuta, ko yana da ƙani ɗan ABU da zai zauna masa yini guda.

Akwai kuma SleepHQ, wani shafi na Ostireliya da ake ɗora bayanan a kansa a duba ta burauza ko a tura wa wani mahaɗi ya gani, suna ma sayar da tasu na'urar mai ɗorawa da kanta. Sai dai wannan bayanin na tafiya rumbunsu ne ba kwamfutarka ba, kuma sai da intanet mai tsayawa.

In za ka gwada katin wayfai, ga 'yan abubuwan da na koya da wahala. Kada ya wuce 32GB kuma ya kasance a tsarin FAT32, manyan katunan nan na zamani ba su da wani amfani a nan. Ka fara kwafe tsohon katin gaba ɗaya ka ajiye a kwamfuta da wani wuri na biyu kafin komai. Ka soka sabon katin injin yana jone amma ba ya busawa, ka bar shi ya gama rubuta abin da zai rubuta, kada ka zare wuta a lokacin. In ya taɓa tambayarka ko ya goge katin, ka tsaya ka yi tunani, don in FlashAir ne saitin da ka sha wahala a kai zai iya tafiya. Wayfai ɗinsu na 2.4GHz ne kawai, in rautarka a 5GHz take ba za su ga juna ba. Sannan ka canza takwas-takwas ɗin nan ranar farko, in ba haka ba duk yaron maƙwabta da ke neman wayfai na banza a jikin katangarku zai iya shiga ya ga fayilolin Baba, har da lambar injin. Ka kuma yi hattara da inda za ka saya, na taɓa yin odar guda biyu daga wani mai shago a intanet, ɗaya ya yi aiki ɗayan kuwa sunan wayfai ɗin yana fitowa amma da ka taɓa fayil sai ya ɗauke, ga zafi kamar an ciro shi daga murhu. Tun daga nan duk katin da zan sa wa wani sai na kwana uku da shi a nawa injin tukuna.

Wuta da bango

Nan ne abin da ake karantawa daga Turai yake cin karo da gidajenmu. Katin ba shi da batir, daga injin yake sha. In NEPA ta ɗauke ko an zare soket, wayfai ya mutu har sai wuta ta dawo. Dattawanmu kuma ka san su, da an idar da barci sai a zare komai daga bango saboda tsoron wuta mai ƙarfi ta ƙona kaya, kuma suna da gaskiya. In inbata ke riƙe injin da dare, da safe ma so ake a kashe a bar batir ya huta. To dole ku yi yarjejeniya da Baba cewa injin zai zauna a jone zuwa wani lokaci, misali har a gama karin kumallo, a nan ne kwamfutarka za ta ja abin da za ta ja. In FlashAir ne a kan wayfai ɗin gida, ita ma rautar ko MiFi ɗin sai tana kunne a daidai lokacin.

Na biyu bango. Eriyar da ke cikin katin ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ga shi tana cikin cikin inji. A ɗaki ɗaya lafiya lau, ɗaki na kusa ta ƙofa a buɗe yawanci yana kamawa, amma in sashen Baba daban naka daban, da tsakar gida da bangon bulo biyu a tsakani, kada ka sa rai. Na je wani gida a nan unguwarmu na gama saita komai a ɗakin mai gidan yana aiki tsaf, ɗan nasa ya ɗauki laftof ya koma ɗakinsa na zaure, ko sunan katin bai gani ba. Ƙarshenta kullum sai ya zo bakin tagar mahaifin ya tsaya da laftof a hannu kamar mai neman sabis a ƙauye. Ya dai huta da zare kati, amma tafiyar tana nan.

Tun da daga Alƙahira injin ya zo, ka duba agogonsa. Masar tana gaban Najeriya da awa ɗaya, lokacin zafi da suke tura agogo gaba kuma awa biyu. Wannan yana da tasiri saboda ranar ResMed daga sha biyun rana take farawa zuwa sha biyun rana ta gobe. In agogon na can ne, sha biyunsa ƙarfe sha ɗaya ko goma ne a Zariya, don haka in Baba ya koma barci bayan asuba ya kai hantsi, ko ya yi ƙailula da injin, za ka ga wani yanki ya faɗa lissafin gobe, ka yi ta neman fayil a foldar da ba nan yake ba. Injin ba ya yarda a mayar da agogo baya zuwa cikin lokacin da ya riga ya rubuta bayani, kuma don Allah kada garin gyaran agogo ka danna wurin goge bayanai. A cikin saitin OSCAR akwai wurin da ake gyara bambancin agogo, ya wadatar. Haka in ka ga dare ɗaya ya rabu gida uku ko huɗu, ba lalacewa ba ce, duk tashin da ya yi, fitsari ne ko nafila ko asuba, in ya kashe ya kunna sabon zama ne da sababbin fayiloli. Da azumi ma abin ya fi haka yawa saboda sahur.

Abin da ni zan yi da ni ne kai

Ka sake karanta tambayarka: likita cewa ya yi duk wata. Kai ne ka mayar da shi kullum. Wataƙila ka ji ana cewa injin yana goge tsohon bayani, to wannan gaskiya ne a tsohon samfurin S9, wanda ke riƙe zanen numfashi na dare 7 kawai da cikakken bayani na dare 30. AirSense 10 ba haka yake ba, yana ta tarawa ne gwargwadon girman katin. Dare ɗaya na awa takwas bai fi kamar 3MB ba, shekara guda wajen 1GB, ka ga katin 8GB sai ya yi shekaru bai cika ba. Ba abin da zai ɓace in ka bar shi wata guda ba ka taɓa ba.

Don haka kafin ka kashe kuɗi a katin wayfai, ga mai arha. Ka sayi katin SD na biyu na yau da kullum, mai kyau, ka manna wa ɗaya alama da biro. Ranar ɗaya ga wata, ko duk Juma'a in kana son ka fi sa ido, ka shiga gaida Baba da kati a aljihu, ka zare na ciki ka soka ɗayan nan take. Daƙiƙa goma an gama, injin bai taɓa kwana ba kati ba, mantuwa ta ƙare, kai kuma ka je ka kwafa a nitse ko da dare ne. OSCAR tana haɗa na wannan katin da na wancan ba matsala, tun da lambar injin ɗaya ce. Kafin ka soka katin a kwamfuta ka ture ɗan makullin gefensa ƙasa don kada kwamfutar ta rubuta masa tarkacenta, a S9 wannan dole ne, a naku kuma kyakkyawar al'ada ce, sai dai kada ka manta ka buɗe shi kafin ya koma inji. In ma laftof ɗin ne ba ya kusa, kad rida mai shiga waya ta OTG yana yi, ka kwafe foldar gaba ɗaya a wayarka.

Wanda katin wayfai ya dace da shi a ganina shi ne wanda ake cikin canza masa saiti ana son a ga kowane dare, ko wanda hannunsa ke rawa ba ya iya zare ɗan kati, ko mai kwamfuta a ɗaki ɗaya da injin da wuta tsayayya. In kana cikin waɗannan, ko kuma kai dai mai son irin wannan wasan ne kamar ni, bismilla, ka nemi ez Share da ɗan wayfai na USB. Amma ka riƙe tsohon katin a aljihun tebur, kuma satin farko kullum ka tabbatar foldar daren jiya ta rubutu, don amfanin katin na farko shi ne ya ajiye bayani, wayfai ƙari ne.

Wajen turawa kuma, tambayi likitan me yake so. Wasu rahoton PDF daga OSCAR ya ishe su, wasu suna da manhajar ResScan ta kamfanin, su kwafin katin gaba ɗaya suke so. In haka ne ka dunƙule duka foldojin a zip ɗaya ka tura ta imel ko ta WhatsApp a matsayin takarda, kada ka tsinci fayil ɗaya-ɗaya.

Inda nawa sanin ya tsaya

Ranar da ka fara buɗe OSCAR za ka ga zane kala-kala, kuma na san abin da ke biyo baya, sai hannu ya fara ƙaiƙayin taɓa saiti. Lambobin da za ka iya sa wa ido su ne AHI, wato sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa ɗaya, ana son ya zauna ƙasa da 5 in ana kan injin, sai yoyon iska wanda a injinan ResMed jan layinsa lita 24 a minti, sai awannin amfani. Yoyo aikinku ne na gida: takunkumi ya saki, robarsa ta tsufa, gemu ya yi yawa, ko baki na buɗewa, da hunturu kuma in hanci ya bushe ya toshe abin yana ƙaruwa, sai a duba ruwan tankin da saitin danshi. Kuma in yoyo ya yi yawa lissafin AHI ɗin kansa ba abin dogaro ba ne a daren.

Amma ƙarfin iskar, wanda ke tsakanin 4 zuwa 20 a ma'aunin injin, magani ne aka rubuta kamar yadda ake rubuta ƙwaya, ba ni ba kai ba mai canza shi sai likitan da ya san zuciyar Baba da hawan jininsa da sauran magungunansa. Dare ɗaya mara kyau ba komai ba ne, mura ma tana jawo shi, ko kwanciyar rigingine. Abin da ba a jira ƙarshen wata a kansa shi ne in ka ga AHI ya tashi ya ƙi sauka kwana da kwanaki, ko ka ga nau'in da OSCAR ke rubuta wa CA ya yi yawa, wato numfashi ya tsaya alhali maƙogwaro a buɗe yake, ko ta fara shafa wa wasu wurare launi tana rubuta CSR, wani salon numfashi ne mai hawa da sauka da ake dangantawa da ciwon zuciya. Injin yana iya kuskure a kan waɗannan, musamman lokacin da mutum ke tsakanin barci da farke, shi ya sa ido na likita ake buƙata. Ka ɗauki hoton shafin ranar, a OSCAR maɓallin F12 ne, ka tura masa a ranar. In kuma Baba da kansa ya ce yana tashi da haki, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gyangyaɗin rana ya dawo duk da yana sa injin, to wannan ba maganar kati ba ce kuma, ku kai shi asibitin koyarwa na Shika a duba shi ko da zanen ya nuna komai lafiya.